Ranar da Gawo Ya Tare Faranti

Ku gyara zama, baƙi da 'yan gari. Furar nan ba za ta gudu ba, kuma ba na son mai katse ni. Kun taho suna, wasunku daga nesa, kun tarar da rago a ɗaure da goro a lulluɓe, amma har yanzu ban san sunan da zan ba liman gobe ba. Ni ne kakan jaririn, ni ɗana Hashimu ya ɗora wa zaɓin, yau kwana shida ina juya maganar ta ƙi juyuwa. Zan zube muku ita yadda ta faru. In na kai aya sai ku yi ta gardama, dama ita kuka fi iyawa.

Garinmu Kwarin Maje sunansa ya faɗi halinsa. A kwari muke, waya ba ta kamawa. Da can mai son kira sai ya haye kogi ya hau Tudun Maƙera, tafiyar awa guda ga mai sauri. A daminar nan aka kawo wa asibitinmu abin da ya rage mana wannan wahala. Faranti biyu ne, kowanne da 'yar rediyonsa a ƙeya. Ɗaya yana can birni a kan dogon ƙarfe, ɗaya yana nan a kan sanda mai tsawo bayan asibiti, inda ƙasa ta ɗan tashi. Tsakaninsu kilomita goma sha tara, babu igiya, babu komai sai sarari. Sharaɗinsu ɗaya ne, su riƙa kallon juna ido da ido. Muddin suna ganin juna, murya da hoto na wucewa, malamar asibitinmu ta ga likita a allo, likita ma ya gan ta. In wani abu ya gitta, ko ɗayansu ya kau da kai da faɗin yatsa, zance ya ƙare. A ɗakin malama akwai ɗan akwati mai fitila: in ta yi kore hanya a buɗe take, in ta yi ja an rufe.

Wanda ya kafa su sunansa Lurwanu, mutumin birni, siriri, ba ya son yawan magana, aikinsa ke nan hawa ƙarfe yana ɗaura faranti. A tsakiyar Agusta ya zo, lokacin da kowane itace ya cika ya batse. Ya leƙa ta madubin hangen nesa, ya ga sarari fes har birni, ya ce mini, "Baba Sallau, shi ya sa muke son auna hanya da damina. In ta wuce yanzu da ganye ya yi yawa, to da rani ko tambaya babu." Na gyaɗa kai. Ku riƙe maganarsa, ku riƙe gyaɗa kan da na yi, za mu dawo kansu.

Wata biyu abin yana aiki lafiya lau. Da ruwa ya fara ɗaukewa, gero ya nuna, sai fitila ta fara wasa da mu, yau kore gobe ja. Lurwanu ba shi da hanyar zuwa da kayan aikinsa, don ambaliyar Satumba ta tafi da gadarmu. Ya sa aka duba batir, aka wanke sola, aka ƙara ɗaure wayoyi, duk babu canji. Daga ƙarshe ya hau ƙarfensa na birni ya ɗan karkata farantin can yana laluben inda sauti ya fi ƙarfi. Ya samu na kwana biyu, ya aiko da saƙo cewa ya juya shi kaɗan. Rana ta uku fitila ta yi ja ta zauna a ja.

Ana haka, ranar Talatar da ta wuce, naƙuda ta kama Bara'atu matar Hashimu, haihuwarta ta fari. Tun asuba aka kai ta asibiti. Da hantsi malamar asibiti, Malama Hansatu, ta fito ta same mu a inuwa, ta durƙusa gabana, abin da ba ta saba yi ba.

Ta ce, "Baba, ɗan a zaune ya taho, ba da kai ba. Na karanta a makaranta, na taɓa gani sau ɗaya, amma hannuna bai taɓa yi ba. In likita yana kallona yana faɗa mini, zan iya da yardar Allah. Ni kaɗai ina tsoro."

Hashimu ya ce a ɗauke ta zuwa birni. Malama ta girgiza kai. Babu gada, sai a tsallaka da ita a kwalekwale, sannan awa biyu a kan babur cikin ramuka. Ta ce ba za ta kai ba, shi ma ɗan ba zai kai ba. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan hantsin ba, kuma na ga abubuwa a rayuwata. Rai biyu suna ciki, mu kuma muna waje muna kallon 'yar fitila ja.

Na farkon mutum ukun da zan ba ku labarinsu shi ne Tasi'u. Manomi ne, makiyayin awaki, ko harafi ɗaya na boko bai sani ba. Ya zo jaje ya tsaya a gindin sandar farantin, ya ɗaga kai, ya bi inda farantin yake kallo da ido. Ya daɗe yana kallo. Sai ya ce a hankali, "Gawona ne." Ba mu gane ba. Ya nuna can yamma, kan jigawar gonarsa, inda wani tsohon gawo yake tsaye kore shar. Ya ce, "Da Agusta da Lurwanu ya auna, wannan ƙashi ne tsirara. Yanzu ya sa riga."

Nan na ji kunya ta rufe ni. Duk itacen duniya da damina yake ganye, ban da gawo, shi da damina yake zubarwa, in ruwa ya ɗauke ya tofo. Ko yaron goye a garin nan ya san haka. Lurwanu ɗan birni ne, littafinsa bai faɗa masa ba, ana iya yi masa uzuri. Amma ni da na shekara saba'in ina shuka gero a gindin gawo saboda ba ya inuwa da damina, ni ne na gyaɗa masa kai. Har gobe in na tuna sai in ji haushin kaina.

Gawon nan ba itace ne kawai ba a wurin Tasi'u. Mahaifinsa ya yi masa wasiyya kada gatari ya taɓa shi, kuma 'ya'yansa ne abincin awakinsa duk tsawon rani. Ba wanda ya roƙe shi, ba wanda ma ya isa ya roƙe shi. Gida ya nufa ya ɗauko gatari. Kun san ƙayar gawo, fara, mai tsini kamar allura. Ya hau babu takalmi, ya fara daga ƙololuwa, reshe bayan reshe, tun hantsi har aka kira azahar. Da ya sauko rigarsa ta zama tsumma, hannuwansa duk jini, kan itacen kuwa ya koma kamar kan tsohon da aka yi wa ƙwal-kwabo. Ya tsaya ya dube shi, ya ce, "Allah ya jiƙan Baba, zai gane." Muka ruga ɗakin malama mu duba fitila, muka tarar tana nan ja.

Na biyu shi ne Jafaru wanzami. Wanda bai san shi ba a cikinku ya duba can, ga shi yana sunkuyar da kai, mai tumbin nan. Jafaru sarkin shisshigi ne, ba a yin abu a garin nan bai sa baki ba, na sha korarsa daga majalisata. Ranar da Lurwanu ya kafa faranti, yini ya yi a bayansa yana tambaya. Har madubin shagonsa ya ara masa, don da shi Lurwanu ya hau tankin ruwan asibiti ya haska rana zuwa birni, abokin aikinsa da ke kan ƙarfe a can ya ga walƙiyar ya daidaita farantin. Jafaru bai hau ba ranar, daga ƙasa ya riƙa leƙe, amma babu abin da ya wuce shi.

Da muka tsaya cirko-cirko, shi ne ya tuna saƙon Lurwanu. Ya ce, "Hanya ta buɗe, amma farantin can ya kau da kai, ai ya ce ya juya shi. Mu muna kallonsa, shi yana kallon daji. Sai an nuna masa inda muke." Ya juya ga Hashimu ya ce, "Yi maza Tudun Maƙera ka kira shi. Ka ce ya hau, ya dubi gabas, ya nemi madubina." Hashimu ya zura da gudu. Ya tarar da kwalekwale a wancan ƙetaren, ya faɗa ruwa da wayarsa ɗaure cikin leda a ka. Wannan ban sa shi cikin gasa ba, shi uba ne, dolensa ce.

To, an ce wanzami ba ya son jarfa. Jafaru mutum ne da ko tsani bai taɓa hawa ba, in zai gyara jinkar ɗakinsa sai ya kira wani. Amma duk garin babu wanda ya san yadda ake saita hasken sai shi. Ya ciro madubin daga bango, aka goya masa shi a baya da zani, ya kama matakalar tankin yana karanto duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga kasuwa. A can sama ya sami zanen da Lurwanu ya yi da ƙusa mai nuna saitin birni. Ya miƙa hannu ɗaya ya ware yatsu biyu, ya sa saitin a tsakaninsu, ya riƙa karkata madubin da ɗayan hannun da ƙirjinsa har hasken rana ya faɗa kan yatsun. Bai san ko saƙo ya isa ba, bai san ko akwai mai kallo a can ba. Haka ya yi ta yi fiye da awa guda, ido na zubar da ruwa. Ga kuma hadarin ƙarshen damina ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, daidai bayansa. Muna yi masa tsawa daga ƙasa ya sauko, ya ce in ya sauko ba zai iya sake hawa ba, gara a bar shi.

Na uku Lurwanu. Kiran Hashimu ya same shi yana cin abinci, ya bar kwanon a buɗe. Da ya ji kalmar gawo, in ji Hashimu, sai ya ce, "Kuskurena ne." Ya isa gindin ƙarfen, maigadi ya nuna masa gabas ya ce ba a hawa in hadari ya haɗo, doka ce, kuma shi Lurwanu ne ma yake koya wa sababbi ita. Ƙarfen nan ya fi rimi biyu tsawo, shi ne abu mafi tsawo a birnin, in aradu za ta faɗo shi take fara nema. Lurwanu ya ɗaura ɗamararsa ya ce wa maigadi, "Mace ce a kan gwiwa." Ya kama hawa.

A sama ya tarar ruwan sama ya wanke alamar fenti da aka yi tun farko mai nuna saitin garinmu. Kamfas kuwa, abin nan mai nuna gabas da yamma, ba ya faɗin gaskiya a jikin ƙarfe, allurarsa sai ta yi ta yawo. Da zai lalubo mu da kaɗan-kaɗan, aikin yini ne, ga iska ta fara kaɗa ƙarfen. Ya ce ya dubi gabas bai ga komai ba sai baƙin bango daga ƙasa har sama. Yana cikin kallo sai ya ga wani ɗan haske a gindin bangon, ya ƙifta, ya ɓace, ya sake ƙiftawa. Ashe hadarin da muke tsoro shi ya taimaka, don da sararin fari ne da wuya ya gane shi. Ya kwance notuna da sufana, ya rungumi farantin da ya kusa kai shi faɗi, iska na fizgarsa shi yana fizgo shi, ya kai shi kan hasken, ya ɗaure. Yana ɗaure na ƙarshe gajimare ya rufe rana, madubin Jafaru ya mutu. Bai kai rabin saukowa ba ruwa ya kece, tsawa ta faɗi a wani wuri kusa har kunnensa ɗaya ya yi kwana uku yana ƙara.

Mu a nan ba mu san duk wannan ba. Abin da muka sani, Malama Hansatu ta ƙwala mini kira daga ciki, ta ce fitila ta yi kore. Ruwan ya so ya raunana hanyar, hoton ya riƙa tsayawa yana tafiya, amma bai yanke ba. Likitar da aka samu mace ce. Muna jin muryarta ta taga, a natse, tana cewa kar ki ja, bar shi ya sauko da kansa, yanzu sa hannunki nan, yanzu juya shi. Ni dai na zauna a baranda ruwa na feshina ban ko matsa ba. Kafin magariba muka ji kuka, irin kukan nan mai ƙarfi na wanda aka ɓata wa rai. Malama ta leƙo ta ce namiji ne, uwa lafiya, ɗa lafiya. Ba na ɓoye muku, na yi kuka, kuma tsohuwar gidana Yalwa ta gani, ba za ta bar ni in manta ba. Jafaru kuwa sai da mutum huɗu suka sauko da shi da igiya, madubin yana rungume a ƙirjinsa ko tsagewa bai yi ba.

Yanzu ga inda gizo yake saƙar. Hashimu ya dawo jiƙe sharkaf ya ga ɗansa, sai ya ja ni gefe. Ya ce lokacin da yake tsakiyar kogi, ruwa na jansa, ya yi wa Allah alkawari: in aka sauke Bara'atu lafiya, in namiji ne, sunan wanda ya yi sanadi zai sa masa. A zatonsa mutum ɗaya ne zai zama sanadin. Yalwa ta ce ai mai sauƙi ne, Hansatu ce ta yi aikin da hannunta. Na ce gaskiya ne, da mace aka haifa da tuni na yi barci, amma ba zan kira abokina Hansatu ba. Na je wurin liman ko za a haɗa uku, ya yi dariya ya ce shi suna ɗaya yake raɗawa, alkawarin ma na mutum ɗaya ne.

Na tambayi su ukun, ban ƙaru da komai ba. Tasi'u ya ce itacensa ne ya jawo abin, ba a yi wa mutum tukwici don ya kwashe ƙayar da ya zuba. Amma shi bai zuba komai ba, gawon ya riga farantin zuwa da shekara sittin. Shi kaɗai ya gano ciwon da masu ilimi suka yi mako biyu suna nema, kuma shi kaɗai ne har yanzu yake cikin asara, don awakinsa za su shiga rani babu abinci, ga wasiyyar uba da ya taka. Ba don shi ba, da madubi da faranti duk ganye za su yi ta kallo.

Jafaru ya ce shi madubi kawai ya riƙe, ko mace mai kwalliya tana yin haka kullum. Wannan ne karo na farko da na ji ya rage wa kansa daraja, kuma ƙarya yake yi. Da Tasi'u ya gama sara, dukanmu mun yanke ƙauna, shi ne ya san abin da ya rage kuma ya tsara wa kowa aikinsa. Tasi'u ya saba hawa itace, Lurwanu hawa ne sana'arsa, Jafaru ne kaɗai ya hau abin da yake tsoro, kuma ya zauna a can yana haska wa wanda bai san ko yana nan ba. Shisshigin da nake korarsa a kai shi ya cece mu, dole na faɗa ko da ba na so.

Lurwanu ya iso jiya ta kwalekwale, ga shi can kusa da Tasi'u, tun safe yake tambayarsa sunayen itatuwa yana rubutawa. Ya ce shi bai cancanci komai ba, shi ya yi kuskuren awo, shi ya juya farantin, abin da ya ɓata ne ya gyara, kuma aikinsa ne. Haka ne. Amma aikinsa cewa ya yi kada ya hau. Da ya jira hadari ya wuce babu mai zarginsa, rana kuwa da ta faɗi, madubi ya tashi a banza. Bai san Bara'atu ba, ba garinsu ba ne, yana da mata da 'ya'ya biyu a gida. A cikin su ukun shi ne ya ajiye ransa a inda aradu take sauka.

To, ga ta nan na zube muku. Yaron yana ciki yana shan nono, uwarsa tana shan kunun kanwa, kowa lafiya, alhamdu lillahi. Gobe da sassafe liman zai matso kusa da ni ya miƙo kunne, kuma duk sunan da na faɗa da shi za a kira yaron nan har ya tsufa. Ku faɗa mini, kowa da hujjarsa: wanda ya gano ya sare, ko wanda ya haska, ko wanda ya hau ya juya? Tasi'u zan ce, ko Jafaru, ko Lurwanu?